Injin sassaƙa na kwamfuta: Abin da kafintocin Bungudu ke buƙata kafin ya iso

Duk wanda ya aurar da 'ya a Bungudu cikin 'yan shekarun nan ya san inda kuɗin kayan ɗaki ke tafiya. Idan aljihu da nauyi, Kano ko Kaduna ake nufa. Idan da dama-dama, a tsaya Gusau. Kafintan gari kuwa sai a bar masa benci da teburin mai shayi da gyaran ƙofar da gara ta ci. Ya iya haɗa gado, kuma sau da yawa nasa ya fi na birni ƙwari. Inda ake kayar da shi wajen ado ne. Gadon birni yakan zo da zane a allon kansa, layukan sun tafi daidai kamar an buga hatimi, kuma shi uwar amarya da 'yan ganin ɗaki ke fara kai wa ido.

Wannan zane aikin wani inji ne da ake kira CNC. Tebur ne mai faɗi, da wata gadar ƙarfe da ke tafiya a kansa ɗauke da baki mai kaifi wanda ke juyawa sau 18,000 zuwa 24,000 a minti ɗaya. Kwamfuta ce ke faɗa wa bakin inda zai bi: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Tun 1952 aka nuna kakansa a jami'ar MIT ta Amurka, mai yanka ƙarfe, amma sai da masana'antun China, musamman na birnin Jinan, suka karya farashinsa sannan ya shigo shagunan katako a Legas da Abuja da Kano. Wanda aka fi gani shi ne mai lamba 1325, wato faɗin santimita 130 da tsawon 250, wanda ke ɗaukar allon filawud mai ƙafa 4 da 8 ba tare da an rage shi ba.

Ba daɗe ko ba jima, wani ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan kasuwa mai kishin gida zai ce a sayo wa matasan Bungudu ko na Tsafe irin wannan inji. Shawara ce mai kyau, sai dai tana iya zama asarar miliyoyin naira idan aka fara da injin. Hanya mafi sauƙi ta gane dalili ita ce a dubi aikin da ya fi kowane wuya a cikin abin da injin ke yi, wanda kuma shi ne ya fi cancanta a sayo shi dominsa: dashen katako cikin katako.

Dashe shi ne a haƙa gurbi a jikin katako mai wani launi, a yanko wani katakon mai launi dabam daidai da siffar gurbin, a cusa shi ya zauna daram, a goge har mai shafawa da tafin hannu ya kasa jin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Fenti yana ɓarewa, zanen da aka karta a sama yana tara ƙura, amma dashe yana nan muddin katakon yana nan. Tsohuwar sana'a ce a duniyar Musulmi. Mumbarin masallacin Kutubiyya na Marrakesh, wanda aka fara haɗawa a Ƙurɗuba ta Andalus a 1137, an yi masa ado da dashen itatuwa kala-kala da ƙashi, kuma yana nan har yau a Maroko. Mumbarin da Nuruddin Zangi ya sa aka yi a Halab, wanda Salahuddin ya kai masallacin Ƙudus bayan ya karɓi birnin a 1187, ya yi kusan shekara 800 kafin a ƙona shi a watan Agustan 1969. Wanda ya maye gurbinsa a 2007 a Jodan aka haɗa shi, daga dubban gutsattsarin katako da ke riƙe juna ba ƙusa.

Ƙasar Hausa ba ta yi fice da dashen katako ba, amma idon da aikin ke buƙata yana nan tun da daɗewa. Badukun da ke yanke fatar sama don launin ta ƙasa ya bayyana a jikin matashin fata, tunanin dashe yake yi. Haka mai zayyanar allon sauka, da mai zana aska takwas a babbar riga, da maginan Zariya, magadan Babban Gwani Malam Mika'ila, da ke fitar da dagi a jikin bango. Duk zane ne na layi da kusurwa da sarƙa, babu siffar mai rai a ciki, don haka babu gidan da zai ƙi shi, babu masallacin da zai mayar da shi. Dagin Arewa ma kamar don dashe aka ƙirƙire shi: igiya biyu masu launi biyu, wannan ta hau, wannan ta nutse.

To, yaya injin ke yin sa? Hanya biyu ce. Ta farko, a yi amfani da baki miƙaƙƙe, a haƙa gurbi mai bango a tsaye. Matsalarta ita ce bakin zagayayye ne, kuma abu zagayayye ba ya haƙa lungu mai tsini. Baki mai kaurin milimita 6 zai bar kowane lungu da lanƙwasa, alhali dashen da aka yanko ta waje yana da kusurwa mai kaifi, sai ya ƙi shiga. Dole mai zane ya lanƙwasa kusurwoyin dashen tun a kwamfuta, ya kuma bar tazarar da ba ta wuce kaurin takardar littafi ba, kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ya rage kaɗan, dashen ya tsage wajen bugawa; ya ƙara kaɗan, baƙin layin gam ya fito yana tona asiri.

Hanya ta biyu ta fi wayo. Ana amfani da baki mai tsini kamar harafin V, yawanci mai kusurwar digiri 60, ko mafi siriri idan zanen ƙanana ne. Gurbin sai ya fito da bango a karkace, faɗi a sama, matsi a ƙasa, dashen kuma a yanke shi da karkata iri ɗaya. Idan aka kifa shi aka matse, yana shiga ne kamar yadda ƙota ke shiga ruwan fartanya, ƙara dannawa ƙara kamawa. Ɗan kuskuren da aka yi ta gefe yakan koma ɗan ƙarin nutsewa ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Shi ya sa ake barin ɗan sarari a ƙasan gurbin don gam ya sami wurin zama, a kuma bar wani a sama inda zarto zai bi ya raba dashen da allon da aka yanko shi a jiki. Tsinin bakin yana shiga kowane lungu, don haka kusurwoyin dagi da wutsiyar haruffan ajami suna fitowa da kaifinsu. Abu ɗaya da kusan kowane sabon shiga ke mantawa shi ne juya zanen dashen kamar a madubi, tunda kife shi za a yi. Wanda ya manta zai ga sunan amarya ya fito a birkice bayan ya ɓata rabin yini da katako mai tsada.

Duk wannan yaro mai kai zai koye shi cikin 'yan watanni. Abin da kwamfuta ba za ta gyara ba shi ne halin katakon kansa, kuma a nan ne ƙasar Zamfara ke da matsalar da masu koyar da aikin a bidiyo daga Turai da Amurka ba su cika fama da ita ba.

Katako yana shan laimar iska yana kuma fitar da ita har ƙarshen rayuwarsa. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda take yi a Gusau da Bungudu a watan Agusta, katako yakan daidaita da ruwa kusan kashi 16 a jikinsa. Idan hunturu ya busa ta faɗo ƙasa da kashi 20, ruwan jikinsa yakan sauka zuwa kashi 4 ko 5. Yana kuma kumbura da tsukewa ne ta faɗi, ba ta tsawo ba. Falanki mai faɗin santimita 30 yana iya rage milimita 5 ko fiye tsakanin damina da rani. Kowa ya san wannan ko bai san lissafinsa ba: ƙofar da ke cijewa a damina ita ce ke barin ƙura ta shigo a watan Fabrairu. Yanzu a kwatanta milimita 5 da tazarar kaurin takarda da aka sha wahalar daidaitawa a inji.

Abin ya fi muni saboda yawancin katakon da kafintocin yankin ke saye daga kudu ake lodo shi, inda iska ke da danshi duk shekara, kuma sau da yawa sabon yanka ne mai ruwan da ya haura kashi 30. Mai sayarwa yana son kuɗinsa su juya, kafinta an ba shi mako uku kafin biki, sai a yanka shi da jiƙonsa. A gado na gama-gari sakamakon ɗan tsagewa ne da za a toshe da garin katako da gam. A aikin dashe kuwa, itace biyu ne masu hali dabam aka ɗaura wa aure, kowanne yana tsukewa da nasa gwargwado. Hunturun farko zai raba su. Magabatan da suka haɗa waɗancan mumbarai sun san haka, shi ya sa suka yi su da ƙananan gutsattsari masu zama cikin tsagi, kowanne yana da ɗan wurin motsi.

Maganin ba shi da tsada, haƙuri yake ci da jari. Rumfa ce mai inuwa da iska ke ratsawa, a jera falankai a sa siraran sanduna tsakaninsu, a ɗora nauyi a sama don kada su murɗe, a shafe bakunansu da fenti don kada su tsage, a bar su su ga rani ɗaya. Sai ɗan ma'aunin danshi mai allura biyu wanda ke shiga aljihu. Sai ƙa'idar cewa jijiyar dashe da ta uwar katako su kwanta fuska ɗaya, kuma a shafe kayan da man kariya ciki da waje. A wannan fanni busasshiyar iskar Zamfara alheri ce: abin da masana'antun wasu ƙasashe ke ƙona makamashi a tanderu don samu, a Bungudu iska ce ke yin sa kyauta. Sai dai wa zai ɗaure kuɗinsa wata shida a rumfa? Kafinta ɗaya ba zai iya ba. Ƙungiyar kafintoci da ɗan tallafi za ta iya. Idan akwai kuɗin tallafi, nan ya kamata naira ta farko ta faɗa, duk da cewa rumfar katako ba ta da kyan hoto ranar ƙaddamarwa.

Wani zai ce a huta da wannan wahala a yi amfani da MDF, tunda ba ya murɗewa. Gaskiya ne, kuma shi ya sa masu injin a birane suka fi son sa. Amma garin katako ne da gam aka matse, ba shi da launi ko jijiyar da za a yi ado da ita, kuma ruwan wanke ɗaki ya taɓa ƙafarsa sai ya kumbura kamar burodi. Matan aure da yawa sun ga haka kafin su yi haihuwar fari. Ƙurarsa ma illa ce. Ƙurar katako gaba ɗaya tana cikin abubuwan da hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar suna haddasa cutar, don haka injin da ba a haɗa shi da mazuƙin ƙura ba an sayi rabinsa ne.

Sai wutar lantarki. Aikin dashe ɗaya yana iya cin sa'o'i, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya, injin da ba shi da tsarin tuna inda ya tsaya ba zai koma kan layinsa daidai ba. Kaucewar kaurin gashi ta isa ta ɓata aikin. Zamfara tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna tare da Sakkwato da Kebbi, kuma babu mai sana'ar da zai ɗora jarinsa a kan wutar layi kaɗai. Babban inji yana jan kilowat da yawa, ga fanfon ruwan da ke sanyaya shi, ga mazuƙin ƙura. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin janareta da na bakunan yanka da ake shigowa da su ya zama abin da dole a lissafa kafin a biya kuɗin inji. Ƙaramin inji mai tebur kamar faɗin tabarmar salla yana iya tafiya da sola da batir, kuma ya isa yin akwatin kayan ado, da kujerar ɗora Alƙur'ani, da allon suna, da fuskar durowa, da ƙananan bangarorin da za a jera a kan gado ko ƙofa. Dashe dama bai son faɗi.

Wannan ƙanƙanta ita ce babbar hujjar goyon bayan aikin. Itatuwa masu launi sun yi ƙaranci. Madobiya, wadda aka yi ta kwasa zuwa China daga dazukan Najeriya, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa tun taron 2016, maɗaci da kawo kuma suka bi sahu a taron Panama na 2022. Dazukan Zamfara da ake iya samun ragowarsu, irin su Kuyambana da yankin Ɗansadau, sun zama wuraren da mai neman halal ba ya shiga da gatari. Aikin dashe ba ya buƙatar gungume. Guntun da bai wuce tafin hannu ba, mai kaurin milimita 8 ko 10, ya isa. Ragowar jan maɗaci da ke zube a shago ana hura wuta da su, tsohuwar ƙofar da aka cire, turmin ƙirya da ya fashe, reshen kanya ko dogon yaro da iska ta karya, duk kaya ne. Farar malaina mai araha ta zama uwa, ɗan guntun itace mai duhu ya zama ado, farashin kayan ya tashi ba tare da an sare sabuwar bishiya ba.

Akwai masu tsoron injin zai kashe sana'ar hannu, kuma tsoronsu yana da tushe. An gani a ɗinki. Da injin ɗinkin kwamfuta ya shigo, ƙwararrun masu aikin hannu sun ci gaba da samun manyan mutane masu biya, masu matsakaicin aiki ne kasuwa ta kuɓuce musu. Haka zai faru ga kafintan da ke karta fulawa a kan gado da ƙaramin injin hannu. Masassaƙin turmi da taɓarya da ƙota kuwa ba ruwan CNC da shi. Roba da injin niƙa ne suka rage masa ciniki tun tuni. Sannan injin ba ya zaɓen katako, ba ya haɗa gado, ba ya matse dashe, ba ya goge shi da samfefa. Kwata ɗaya na aikin yake yi, sauran na kafinta ne. Kuma ƙin karɓarsa a Bungudu ba zai hana motocin kayan ɗaki shigowa daga Kano ba.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne na zane. Injinan sukan iso da tarin zane-zanen da aka riga aka shirya, furanni da ganyayen fadojin Turai, kuma mai shago yakan ga ya fi sauƙi ya danna lamba kaza. Shi ya sa gadajen birni suka zama kamar 'yan uwa ɗaya. Kafintan Bungudu ba zai ci kasuwa da kwaikwayon wannan ba, domin na Kano ya fi shi jari da wuta da kusanci da dillalai. Abin da zai sayar wanda babu a kundin China shi ne dagi da zayyana da sunan mai kaya da ajami. Wannan yana buƙatar mutum mai zana su a manhaja irin VCarve, ko Inkscape wadda kyauta ce. A nan malamai ma suna da abin cewa, domin idan ayoyi ko sunayen Allah aka yanka, guntayen da suka lalace ba za a zubar da su cikin shara ba. Gara a tsara yadda za a yi da su tun farko.

Masu zanen ba sai an nemo su daga nesa ba. Jihar tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda, da ta Abdu Gusau a Talata Mafara, da Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya a Gusau wadda ta mata ce. Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. Zanen dashe aiki ne na kwamfutar cinya, ana yin sa a tsakar gida, babu ɗaga falanki babu zaman shago. Matar da ke zana lalle ko ɗinkin hula ta riga ta san yadda layi ke sarƙewa ya dawo inda ya fito, kuma ta fi kowane kafinta sanin abin da amarya ke so a ɗakinta.

Game da injin kansa, ɗaya ya isa kafintoci da yawa. Bungudu na kan hanyar Sakkwato, Tsafe na kan ta Funtuwa, Gusau na tsakiya, ga Kwatarkwashi a kan hanya. Inji guda a hannun ƙungiya ko ɗan kasuwa, mai karɓar kuɗi bisa awa, da mutum ɗaya da ya san gyaransa da ajiyar bakunan yanka, ya fi goma da aka raba a filin taro suka ƙare a ƙarƙashin tamfol saboda waya ɗaya ta ƙone. Kafinta ya tura zane ta WhatsApp, ya aiko katakonsa a mota, ya karɓi yankakke ya haɗa a shagonsa. Sai dai wanda ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar na tsawon makonni, zai so manhajar da ke aiki ba intanet, da zanen da ake iya kai wa a filas.

Kafin a karɓi aikin kowa, akwai gwajin da ya kamata cibiyar ta yi wa kanta. A yi ƙaramin dagi guda biyu a watan Agusta, ɗaya da katakon da aka sauke daga mota a makon, ɗaya da wanda ya ga rani a rumfa. A rubuta kwanan wata a bayansu, a rataye su a bangon shago inda duk mai shigowa zai gani, a sauko da su a ƙarshen Fabrairu a gaban kafintocin da za su riƙa kawo aiki.